Bauchi Bayan Iska: Wa Ke Shiga Cikin Gida?

Hanyar da ta taso daga Jos zuwa Bauchi gangara ce ta kilomita ɗari da talatin ko kusa da haka. Mota na barin sanyin tsauni a Tilden Fulani, ta ratsa Magama Gumau da Nabordo, Dutsen Zaranda ya yi ta rakiyarta daga gefe, kafin ta faɗa Miri da Wuntin Dada, inda gari ya fara. Baƙon da ya zo da damina kore zai fara gani, sai duwatsun da suka yi wa birnin zobe, Warinje da Wambai da 'yan'uwansu, waɗanda a tsakaninsu Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu, ya kafa garin wajen shekarar 1809. Amma mai son sanin halin da talakan Bauchi yake ciki, ya sauke idonsa daga kan dutse ya ɗora a kan rufin gidaje. A unguwannin bakin gari zai ga kwano iri biyu a kan ɗaki ɗaya, rabi sabo yana ƙyalli, rabi ya yi ja da tsatsa. Zai ga an jera duwatsu da bulo da tsofaffin tayoyi a kan langa-langa don kada iska ta ɗauke. Zai ga katangar da ta zube an toshe gurbinta da zana ko buhu. Kowanne daga cikinsu tabon wata damina ne da ba a gama jinyarsa ba wata ta risko.

Mutanen garin ba su manta da Asabar, 16 ga Yuni, 2018 ba, washegarin Ƙaramar Sallah. Iska mai ƙarfi haɗe da ruwa ta bi ta cikin birnin, ta yaye rufin gidaje da makarantu da shaguna, ta karya turakun wutar lantarki, ta tumɓuke itatuwan da suka girmi masu gidajen. Aƙalla mutum takwas suka rasu, waɗanda suka ji rauni sun haura ɗari, gidajen da suka lalace kuwa sun wuce dubu. Cikin mako guda Shugaba Muhammadu Buhari ya zo jaje, ya haɗa da na gobarar kasuwar Azare da ta auku a kwanakin. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne iskar ta tarar da gari yana jinya. Amai da gudawa ta riga ta kama Bauchi tun kafin saukar damina, har a watan Mayu aka fara ba da rigakafin kwalara na baki ga mutum kimanin dubu ɗari shida. Iyalin da rufinsu ya tafi a wannan daren sun wayi gari da jiƙaƙƙen hatsi, da masai ya cika ya tumbatsa, da rijiya buɗe a tsakar gida, a garin da cutar ruwa ke yawo. Iska dare ɗaya take yi, amma wahalar da take bari takan kai wata shida ko shekara, kuma a ƙuryar ɗaki take zama, wurin mata da yara da tsofaffi. Wanda zai yi maganinta sai ya zauna kusa, sai ya iya aikin, kuma sai an yarda ya shiga cikin gida. Sistocin cocin Katolika na cikin 'yan ƙalilan da suka haɗa waɗannan abubuwa, kuma a ganina Bauchi na yin asara duk lokacin da tsoron juna ya tsayar da su a gefe ɗaya na gari.

A duba yadda agajin da muka saba yake tafiya. Hukumar NEMA ta tarayya, wadda aka kafa a 1999, da takwararta ta jiha, sukan aiko da manyan motoci cike da shinkafa da masara da bandir ɗin kwano da siminti da ƙusa da katifa da gidan sauro. Ba abin rainawa ba ne. Wanda ya kwana ruwa na zuba a kansa ya san darajar kwano ko falle ɗaya ne. Sai dai rabo takarda yake bi, takarda kuma sunan maigida take bi. Galibi maza ne ke zagayawa ƙidaya, iyakarsu kuwa zaure, domin a ƙasar nan ko ba a rubuta "ba a shiga" a bakin ƙofa ba, baƙon namiji ya san inda ƙafarsa za ta tsaya. To wa zai ga mai takabar da ba ta fita, balle ta bi layi? Wa zai ga ɗan haya, wanda kwanon da aka bayar ya tafi hannun mai gida, shi kuwa katifarsa da jarin ƙuli-ƙulin matarsa ruwa ya cinye? Wa zai lura da mai jegon da ke shan ruwan rijiyar da kwata ta malala ciki, ko da yaron da aka yaye, gudawa na zuƙe shi, uwar na cewa haƙori ne? Bayan mako uku an kwashe rumfa, 'yan jarida sun koma kan wani labarin. Sannan ne zazzaɓin cizon sauro zai taso daga kududdufai, sannan ne za a cire yarinya daga makaranta a ɗora mata farantin talla saboda kuɗin kafinta.

Daga Wuntin Dada titi na wucewa ta gaban barikin Shadawanka da otal ɗin Zaranda ya kai Wunti, inda kasuwa da masu Keke Napep da masu sayar da masa suka cakuɗe. Ba nisa da filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa babban cocin St. John yake, kuma daga nan ake tafiyar da harkokin Katolika na jihohin Bauchi da Gombe. An yanke yankin daga Jos a 1996, ya zama cikakken dayosis a ƙarshen 2003. Bishop na farko, John Moore, ɗan ƙasar Ayilan ne, ya rasu a 2010. Malachy Goltok ya gaje shi har rasuwarsa a 2015, sai Hilary Dachelem daga 2017. Mabiyan akwai Sayawa da Jarawa da Angasawa da mutanen Tangale da Waja, akwai kuma 'yan kasuwar kudu, kuma Hausa ce ke haɗa mafi yawansu. Da kalmomin Ubangiji da alheri da jinƙai suke addu'a, irin waɗanda maƙwabtansu Musulmi ke furtawa. A cikinsu ake samun sistoci, matan nan masu fari ko shuɗin lulluɓi, ba su da yawa, akasari a makaranta ko ɗakin shan magani ake ganinsu. Sista mace ce da ta ɗauki alkawari a gaban cocinta cewa ba za ta yi aure ba, ba za ta tara dukiyar kanta ba, kuma za ta tafi inda shugabar ƙungiyarta ta aike ta. Su uku ko huɗu sukan zauna a gida ɗaya, abin da kowa ta samu ya shiga asusu ɗaya. Idan aka canja wa ɗaya wuri, wata ce za ta zo ta gaji ɗakinta da aikinta da littafin da take rubuta sunayen marasa lafiya. Ma'aikacin ƙungiyar agaji kwangilarsa shekara ɗaya ce ko biyu, ɗan siyasa zangonsa huɗu, amma gidan sistoci na iya shekara hamsin a layi ɗaya. Ba ina cewa sun fi kowa tausayi ba ne. Tausayi ko'ina akwai shi. Abin da suka fi mu shi ne an tsara rayuwarsu ta yadda ba abin da zai ɗauke su daga wurin.

Wannan tsari ba a dare ɗaya ya samu ba, kuma su ma sai da suka yi fama da nasu kullen. A Turai ta da, macen da ta ba da kanta ga ibada bayan katanga ake ajiye ta, ba ta fita. A 1633, a birnin Paris, Vincent de Paul da Louise de Marillac suka tara 'yan matan ƙauye don bin gidajen matalauta da marasa lafiya, suka ƙi sa musu sunan da zai jawo a kulle su, suka sa alkawarinsu ya zama na shekara-shekara. Sai a 1936 ne fadar Paparoma ta buɗe wa sistoci ƙofar karɓar haihuwa da aikin tiyata, kuma shekara ɗaya bayan haka, a nan Nijeriya, Marie Martin ta kafa ƙungiyar Medical Missionaries of Mary, wadda aikinta ke nan kacokan. A Arewa sawunsu a bayyane yake. Sistocin Our Lady of Apostles suka buɗe makarantar 'yan mata ta Kakuri a Kaduna a 1940, wadda yau ake kira Queen Amina, su ne kuma suka fara asibitin St. Gerard a 1957. Na St. Louis sun sauka Kano a 1948, na Dominikan suka sauka Gusau a 1956, a 1965 kuma aka kafa ƙungiyar Our Lady of Fatima a Jos domin 'yan ƙasa. Gwamnatoci sun karɓe makarantu da asibitocin mishan da yawa a shekarun 1970, Turawan sun tsufa sun koma gida, amma 'ya'yan Filato da Binuwai da kudancin Kaduna da ƙasar Ibo sun ɗauki lulluɓin sun ci gaba.

Misalin da ya fi kusa da abin da nake nufi yana Maraɗi, a Nijar. Bayan fari da farar ɗango na 2004, yunwar 2005 ta yi wa yankin mummunan kamu, duniya ta ga hotunan yara masu tamowa, ƙungiyoyin waje suka cika gari. A shekarar da ta biyo baya, lokacin da hankalin duniya ya fara juyawa wani wajen, wata sista da ta taso daga Senegal, Marie-Catherine Kingbo, wadda ta riga ta shugabanci wata babbar ƙungiyar sistoci a can, ta kafa sabuwar ƙungiya a Maraɗi da sunan bayin Almasihu mata. Suka buɗe cibiyar ciyar da yara masu tamowa da mata masu ciki a Ɗan Bako, suka buɗe makaranta a Tibirin Gobir, suka shiga ba mata ƙananan rance. Abin lura shi ne ta inda suka shiga: zama suka riƙa yi da sarakunan ƙauyuka da limamai, ana maganar abinci da lafiyar mata da auren wuri a gaban kowa. Da ƙarancin abinci ya dawo a 2010 da 2012, ba sai an aiko su daga wani wuri ba, suna nan, sun san ƙauyukan da rumbu ke fara ƙarewa. Ita ta rasu a 2021, aikin bai rasu da ita ba. Kuma duk wannan a ƙasar da Kiristoci ba su kai biyu cikin ɗari ba, wato kusan duk yaron da aka ɗora a ma'aunin Ɗan Bako ɗan Musulmi ne.

A Amurka ma an ga irinsa. Da guguwar Katrina ta fasa madatsun New Orleans a ƙarshen Agustan 2005, ruwa ya ci kusan kashi tamanin cikin ɗari na birnin. Sistocin Holy Family, ƙungiyar baƙaƙen fata da Henriette Delille ta kafa tun zamanin bauta, sun rasa makarantarsu, kuma tsofaffi da dama sun rasu a gidan jinyarsu na Lafon, duk da cewa akwai masu kula da su da suka ƙi tafiya su bar su. Zama kusa bai hana mutuwa ba, gaskiya ke nan. Amma sun dawo unguwar da mutane da yawa suka yanke ƙauna da ita, suka tayar da makarantar, gidan tsofaffin kuma ya sake buɗewa a 2010. Iyayen da ke shakkar komawa gida sun sami dalili ɗaya na komawa: akwai inda yaro zai yi karatu.

Mu koma Bauchi, mu bi titin Dass. Nan ne Yelwa, da harabar Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, da kasuwar Yelwan Tudu, da Kagadama, da Gwallameji inda kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya take, da Rafin Zurfi, har a fita Bayara, wadda aka daɗe da saninta da jinyar kutare. Sunayen unguwannin garin kansu gargaɗi ne ga mai kunne. Wurin da kakanni suka kira Rafin Zurfi ko Fadaman Mada sun san abin da ruwa ke yi a can, yau kuwa gidaje ne a kai, da ɗakunan hayar ɗalibai da ƙananan ma'aikata, domin nan fili ya fi araha. A gefen titin Dass ne Kiristocin garin suka fi yawa, kuma ba haka kawai abin ya faru ba. Rikicin Tafawa Balewa na Afrilun 1991 ya fantsamo cikin birnin, an sake yi a Fabrairun 2009, aka yi na bayan zaɓen 2011, a 2012 kuma bam ya tashi a wani coci a Yelwa cikin watan Yuni, wani ya tashi a ƙofar St. John a ranar 23 ga Satumba. Bayan kowace fitina wasu kan naɗe tabarma su koma inda nasu suka fi yawa. Sakamakon shi ne sista za ta yi tunani sau biyu kafin ta shiga lungunan cikin ganuwa da lulluɓinta da gicciyenta, matar cikin gari ita ma za ta yi tunani sau biyu kafin ta kai ɗanta wurinta. Iskar 2018 kuwa ba ta tambayi addinin kowane rufi ba.

A nan ne ƙorafi na farko yake, kuma ba zan raina shi ba, domin masu yin sa ba mahaukata ba ne. Suna cewa taimakon mishan ƙugiya ce, tsutsar da ke bakinta magani ne da abinci. Suna da tarihi a hannu. A ƙarshen shekarun 1930 Turawan mulki sun miƙa wa mishan ɗin SIM sansanonin kutare na Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato, aka yi jinya ta gaske, aka kuma yi wa'azi, wasu yaran da suka tashi a can suka bar addinin iyayensu. Waɗannan ba 'yan Katolika ba ne, amma ƙwaƙwalwar jama'a ba ta rarrabe ɗariƙun coci. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Amsata tana da rassa. Ita cocin Katolika ta ɗaure kanta da bakinta: babban taronta da ya ƙare a 1965 ya hana tilasta wa kowa addini ko jan sa ta hanyar da ba ta dace ba, ya kuma ambaci Musulmi da girmamawa, Paparoma Benedict kuma a wasiƙarsa ta farko, ta ƙarshen 2005, ya hana mayar da aikin jinƙai hanyar farautar mabiya. Na san takarda ba ta tsare kowa, shi ya sa na fi dogara ga abin da ido ya gani. Makarantar St. Louis ta haura shekara saba'in a Kano, 'ya'yan Musulmi sun shiga sun fita da sallarsu. Mutanenmu sun daɗe suna kai masu ciwon ido asibitin mishan na Kano, suna kai marasa lafiya Jankwano a Jos da Galmi a Nijar, su dawo gida Musulminsu. Ashe mun riga mun yarda da hannun mishan idan ciwo ya yi tsanani kuma muna da kuɗin mota. Talakan da rufinsa ya tafi ne kawai muke hana wa.

Duk da haka zargi ba ya mutuwa da hujja, sai da haske. Maganinsa a yi aikin a fili, bisa sharuɗɗan da kowa ya ji. A shiga unguwa ta ƙofar mai unguwa da limami, kamar yadda aka yi a Maraɗi. Kowace sista ta shiga gida tare da matar unguwar, Musulma, wadda aka sani. Kada a haɗa magani da addu'a ko rabon littafi, kada a ɗauke maraya daga hannun danginsa da sunan riƙo. Wanda ya karya sharaɗi a sallame shi, ko daga wane ɓangare yake, domin irin wannan ƙa'idar ce ta kamaci ƙungiyar Musulmi idan ta je rabon kaya Kagadama ko Bogoro. Wanda niyyarsa taimako ce ba zai ƙi waɗannan sharuɗɗan ba.

Ƙorafi na biyu daga wani gefen yake zuwa, wurin masu cewa wannan duk aikin gwamnati ne, kuma duk wanda ya toshe ɓarakar da hukuma ta bari yana koya mata lalaci. Rabin maganar gaskiya ce. Sista ba za ta gina magudanar ruwa ba, ba za ta hana a sayar da fili a kan hanyar rafi ba, ba za ta ja famfo daga madatsar Gubi zuwa unguwar da 'yan garuwa ke shayarwa ba. A Agustan 2019, bayan ruwan sama mai yawa, ƙaramar gadar da ɗalibai ke bi a harabar jami'a ta Gubi ta karye da dare, aka rasa rayukan matasa. Ba rashin masu jinya ne ya kashe su ba. A 2021 jihar Bauchi ce ta fi kowace jiha a ƙasar nan yawan waɗanda kwalara ta kama, kuma kwalara cutar rashin tsaftataccen ruwa ce da rashin masai mai kyau. A Agustan 2024 ambaliya ta yanke babban titin Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum. Waɗannan duka sai hukuma. Amma ban yarda cewa masu shiga gida ne ke sa gwamnati barci ba. Abin da ke sa ta barci shi ne ba wanda ya ƙirga. Matar da ke riƙe da littafin da aka rubuta cewa a layi kaza rijiya bakwai sun gurɓace, yara goma sha biyu sun kwanta, biyu sun rasu, ita ce mai abin da za a ajiye a kan teburin kwamishina ya kasa musantawa. Cocin Katolika na da ofisoshin adalci da raya jama'a a dayosis-dayosis, tana da Caritas ta ƙasa tun 2010, kuma aikinsu ke nan su ɗauki irin wannan littafin su kai inda ya kamata. Idan suka tsaya ga rabon shinkafa suka ji tsoron faɗa wa masu mulki gaskiya, to ƙorafin ya hau kansu, kuma ya dace a faɗa musu.

Na uku shi ne mafi nauyi, kuma a cikin ganuwa ake jin sa, tsakanin Ƙofar Ran inda kabarin Sir Abubakar Tafawa Balewa yake, da fadar Sarki, da unguwannin Jahun da Nasarawa: mu ba mu da namu ne? Muna da su. Kafin wata mota ta iso, maƙwabci ne ke ɗauke yaran maƙwabcinsa ya kwantar a ɗakinsa, samari su yi gayya su ɗaga katanga. Akwai zakka da sadaka, akwai 'yan agajin Jama'atu da na Izala da na Fityanu, waɗanda ke ɗaukar gawa da masu rauni ba tare da an biya su ba. Akwai ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN, da Hajiya Aisha Lemu da abokan aikinta suka kafa a Minna a 1985, mai makarantu da asibitocin haihuwa. Kafin su duka akwai Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da jajinta masu malfa da ke bin ƙauyuka suna karantar da mata, suna kai gudummawa ga marasa ƙarfi. Don haka ba wanda zai zo ya koya wa Bauchi tausayi. Ba kuma ina kira a kwaikwayi rayuwar sista ba. Musulunci bai ɗora wa mace ko namiji barin aure don ibada ba. Sai dai a dubi 'yar agajin da muke da ita da idon adalci. Tana da miji da 'ya'ya, tana da girki, kuma mai yiwuwa nata rufin ma ya tafi a daren. Za ta yi mako biyu tana hidima, na uku gidanta ya kira ta. Abin da alkawarin rashin aure ya yi wa sista, wato ya 'yantar da lokacinta, a wurinmu waƙafi ne zai yi shi: gida a cikin unguwa, da shaguna biyu ko uku da hayarsu za ta biya albashin ungozoma da malamar jinya da mai rubuta sunaye, shekara da shekaru, ko mai bayarwa ya rasu. Masu hannu da shuni na Bauchi sun iya gina masallaci, Allah Ya saka musu, amma ba kasafai ake jin wanda ya tsayar da dukiya don albashin matan da za su riƙa shiga gidaje ba.

Su kuma sistocin, ƙarancinsu kaɗai ya isa ya hana su ɗaukar gari mai girman Bauchi. Amfaninsu mafi girma shi ne a haɗa su da matan da suka fi su yawa da sanin lungu. Su suna da horon jinya da riƙon littafi da hanyar samo magani daga nesa; matan Islamiyya da na FOMWAN da zumuntar matan coci suna da amana da ƙafar shiga kowane gida. An gwada wannan a garin da ya fi Bauchi ciwo. A Kaduna, wadda rikicin 2000 da na 2002 suka raba ta gida biyu da kogi a tsakani, Sista Kathleen McGarvey ta haɗa shugabannin ƙungiyoyin mata Musulmi da Kirista a 2010 suka kafa majalisa ɗaya, kuma majalisar ta ci gaba bayan ita ta koma ƙasarsu.

Irin wannan sabo ba a ƙulla shi ranar da rufi ya tashi. Lokacinsa Maris da Afrilu ne, ana tsakiyar zafi, kafin hadarin farko. A zauren mai unguwa za a zauna, a san gida nawa ne na haya, mata nawa ke da tsohon ciki, tsoho nawa ne ba mai ɗaukarsa, rijiya nawa ce ba murfi, wa ke riƙe da garin gishiri da sukari da maganin tsaftace ruwa, kuma lambar wa za a kira da tsakar dare. Matafiyin da zai bar garin a ƙarshen Mayu, yana zaune a mota ana jiran cikon fasinja, zai ga gabas ta fara haɗa baƙi a bayan duwatsu. Iska mai ƙura za ta fara kaɗa ledoji a titi, masu tebur su hau tattara kaya, mata su fito da gudu kwashe shanya. A kan wani ɗaki can ƙasan layi zai hango yaro ya hau da tsani, uwarsa na miƙo masa bulo daga ƙasa, yana jerawa a bakin kwano.